San Dama

Dayi, ranar Laraba

Zuwa ga matata Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Hajo da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ni ma lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Wayata ta fashe, shi ya sa na ba direban Funtuwa wannan takarda. Kada hankalinki ya tashi, ko ƙwarzane ban yi ba. Ranar Litinin ina dawowa da taki a a-kori-kurata, daf da shiga Dayi, wani sa ya faɗo titi da igiyarsa. Na taka birki, mota ta ƙi jin magana. Ƙafafunsa na baya suka karye, da ƙyar aka samu wuƙa aka yanka shi kafin ya zama mushe.

Mai shi wani dattijo ne, Malam Sanda. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya kai ni gidansa ya shimfiɗa mini tabarma, kullum tuwo har da man shanu. Makullin mota kuwa yana wurin mai unguwa. Ba a ɗaure ni ba, amma duk inda na nufa sai wani ya tambaye ni ina zuwa.

Ga inda gizo ke saƙar. San huɗa ne, kuma na dama, wanda ke bin kwari. Na hagun ya ƙi jan garma da kowane sa, kin san halinsu. Na ce a sayar da motar a sayo wani, Malam Sanda ya ce san kasuwa bai san karkiya ba, kafin a hore shi damina ta wuce, ga masararsa ta isa huɗa. Mai unguwa ya yanke cewa in kawo horarren san dama, sannan in karɓi makulli.

Lauratu, bakina ya yi nauyi. Sanki Ɗan Ja na dama ne. Na san shi kaɗai kika gada daga Baba, na kuma san tamu masarar shi take jira. Amma na duba gabas na duba yamma ban ga wata ƙofa ba. In kin yarda, ƙanenki Murtala ya ɗoro shi a motar kasuwa.

Ki gai da Inna, ki ce ta sa ni a addu'a.

Naki,
Maitama

Dayi, ranar Asabar ta sama

Zuwa ga Lauratu,

Assalamu alaikum, tare da fatan kun tashi lafiya. Yaya ruwa a Maska?

Ɗan Ja ya iso, ko tari bai yi ba. Na tambayi Murtala ko kin ba da saƙo, ya ce ba ki ce komai ba, ke da kanki kika kwance shi daga turke kika miƙa igiya kika shige ɗaki. Ya ce Fari, abokin karkiyar Ɗan Ja, sai kuka yake, ciyawa kuma ta fara fin masararmu tsawo. Wannan shirun naki ya fi mini duka ciwo.

Sanki bai ba ki kunya ba. Ana ɗaura masa karkiya ya shiga kwari kamar gonar gidansu, na hagun ya bi shi. Mun gama huɗar Malam Sanda jiya, ni na riƙe garma, ina yi ina tuna tamu gonar.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe mai unguwa nufinsa Ɗan Ja ya zauna har Malam Sanda ya hori wani, wato sai baɗi in Allah ya kai mu. Na yi magiya har muryata ta dushe. Dattijon ma ya sunkuyar da kai, amma bai ce a'a ba, shi ma iyali gare shi.

An ba ni makulli. Yanzu ba mai tambayata ina zuwa. Da safen nan na kunna mota, Ɗan Ja ya ɗago kai daga harawa ya bi ni da kallo, sai na kashe. Ban san yadda zan shigo gida da mota ba tare da shi ba, ban kuma san yadda zan zauna ku kuna can ba.

Don Allah ki ba direban nan amsa, ko da kalma ɗaya ce. In zagi ne ma ki rubuto, zan karɓa. Ina nan bakin titi ina jiran motar yamma.

Naki har kullum,
Maitama