Abin da Na Faɗa Cikin Lasifika

Gwarzo,
Ƙarshen watan Disamba.

Ya Badi'a, sanyin idona, ruwan farko a kan gonar da ta gaji da jira, inuwar tsamiya ga wanda azahar ta riska a hanya, furen wake mai buɗewa da hantsi! Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya lulluɓe gidanku na Masanawa da duk wanda ke cikinsa.

Saura kwana goma sha biyu a ɗaura mana aure. An kai lefe, an shafe ɗaki, abokan aikina a makaranta sai tsokanata suke yi da ango. Ni kuwa, ya hasken ƙirjina, kullum ranar ta matso sai in ji kamar ana ƙara mini dutse a kafaɗa. Akwai maganar da na riƙe wata tara. Ba zan yarda a kawo ki gidana ki kwana a kanta ba ki sani ba.

Kin tuna watan Fabrairu, lokacin da takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane? Kun zo Gwarzo ke da yayanki Hadi, kuna layin banki saboda Inna tun safe har rana ta take. Na kawo muku rake da ruwa. Hadi yana tsaye, 'yar rediyonsa a aljihun gaba, yana yi wa 'yan layi fashin baƙin labarai kamar shi aka aiko. Ya dube ni ya ce, "Malam Jibirin, kai da jam'iyyarka, ni da tawa, amma ƙanwata ba ta cikin akwatin zaɓe. Ko ku ci ko mu ci, ina bayanka a wurin Baba." Kika ja gyale kika rufe fuska, kafaɗunki suna rawa don dariya. Wayyo wannan dariya! Wace ƙorama ce ta taɓa gudu da daɗin sauti irin nata? Rabona da jin ta cikakkiya tun ranar.

Kin san 'yan kamfen sun ɗauke ni saboda muryata, ni ke magana a motar lasifika. Kin san kuma abin da kowa ya sani: a makon da aka ɗage zaɓen gwamna, 'yan daba suka far wa Hadi a hanyar Kutama, ni na ɗauke shi zuwa asibiti, bayan kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Saboda wannan ɗaukar Baba yake sa mini albarka duk sanda ya gan ni, saboda ita ce Inna take kirana ɗanta.

Ga abin da ba ki sani ba.

Bayan la'asar ne, ayarinmu yana tafe, na hango shi a kan babur ɗinsa ya dawo daga sayar da tumatir, hoton ɗan takararsu manne a gaba. Daɗin ganinsa ya kama ni. Na sa baki a lasifika na ce, "Jama'a, ga babban ɗan adawa ya kawo kansa! Ku tare mana shi, kada ya wuce!" Wallahi wasa nake yi, irin wanda muka saba. Shi ma ya gane, ya ɗaga mini hannu yana dariya. Amma samarin da aka loda a motar baya ba 'yan garinmu ba ne, ba su san shi ba, ba su san ni ba. Suka diro da gorori. Na yi ihu, "Surukina ne! Ku bar shi!" Sai dai mai kula da na'ura ya riga ya saki waƙar kamfen, ta danne ni. Hadi ya kauce musu da babur, suka same shi a baya, ya faɗa kwalbati da kansa.

A cikin mota kansa yana kan cinyata, ya buɗe ido sau ɗaya. Bai yi fushi ba, Badi'a, da ma ya yi! Murmushi ya yi ya ce, "Ka ga irin wasanka ko?" Bai sake magana da kowa ba.

Tun daga ranar shekarar nan take wucewa ta kaina, ba abin da ya faru a ƙasar nan da bai zo mini da muryarsa ba. Da aka bayyana sakamako gari ya ɗauki guɗa da kuka, ni ina ɗaki ina jiran ya bugo waya ya yi mini tsiya. Da aka janye tallafin mai, kuɗin mota ya gagari talaka, na koma zuwa wurinki a keke, sai in ji kamar yana zaune a bayana yana cewa, "Ai na gaya muku." Da sojoji suka karɓi mulki a maƙwabta aka rufe iyaka, 'yan teburin mai shayi suna ta musu, na juya in tambaye shi ra'ayinsa, na tarar da benci babu kowa. Da shari'ar zaɓe ta riƙa hawa daga wannan kotu zuwa waccan, kowa ya kasa kunne, ni na kashe rediyo. Wace kotu ce za ta zauna a kan tawa? Ko a aji, idan na ɗaga murya don yara su yi shiru, sai gabana ya faɗi.

Watan jiya kuma na ga abin da ya karya ni. Mutumin da na yi wa shela da wanda Hadi ya manna hotonsa sun haɗu a wani ɗaurin aure, sun rungumi juna, sun ci a faranti ɗaya, ana ɗaukar su hoto. Ba na jin ɗayansu ya san sunan Hadi. Na tsaya a bakin rumfa ina kallo, na ce a raina: su sun gama tasu, ni har yanzu ina karɓar albarkar da ba tawa ba.

Jiya na je wurin Baba. Na zo da hantsi, lokacin da na san kina Islamiyya. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar shanu, na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ko kalma ba. Ya ajiye igiyar. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya: "Ya sha wahala a hanya?" Na ce a'a, Baba, har murmushi ya yi. Ya share ido da gefen rawani, ya ce, "Ni na yafe nawa, kwanansa ne ya ƙare. Amma ba ni zan zauna da kai ba. Je ka faɗa wa Badi'a. Abin da ta ce, shi za a yi."

To ga ni, ya ruwan sanyin raina, ya tauraruwar da nake ɗaga kai in nema! Da ƙafa ya kamata in zo, amma na san idan na ga idonki harshena zai mutu, in sake komawa da maganar. Ba na roƙon ki yafe mini da gaggawa. Ki yi kuka, ki tsane ni iyakar yadda zuciyarki ta so, haƙƙinki ne. Abin da nake roƙo kawai, kada kunyar mutane ko katin gayyata da aka raba ya sa ki ce to. Ina zan sa kaina idan na ga kina miƙo mini ruwa kina kau da fuska?

Idan kin ce a fasa, zan gaya wa dangina laifin nawa ne, ba wanda zai taɓa sunanki. Idan kin ce a ɗaga, zan jira shekara, zan jira goma. Idan kuwa a cikin wannan zuciya taki, mai faɗi kamar fadama da damina, akwai sauran wurin da zan raɓe, to na yi miki alkawari ba za ki ƙara samun wani abu a ɓoye a wurina ba, har ranar da za a ɗauke ɗayanmu.

Ba zan zo ƙofarku ba sai kin aiko. Ba zan bugo waya ba. Kullum na tashi daga makaranta ina gida, ƙofa a buɗe.

Naki a yau, naki ko kin ce a'a, naki har numfashin ƙarshe,
Jibirin.