Mun Cike Rijiyar Baba

Zuwa ga Yaya Mamman, a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Indo da yara. Yaya kasuwa, yaya zaman baƙunci? Mu nan Tibiri sai godiyar Allah.

Yaya, rijiyar Baba babu ita. Da gulbi ya yi ambaliya bana, ruwa ya shafe fadama ya shiga cikin rijiyar. Sai sabuwar gwamnati ta kafa doka: duk rijiyar da ambaliya ta shiga a cike ta, a koma ɗiba a ta siminti da ke kan tudu. Gardi, wato ɗan sandan gwamnati, ya zo daga buro, ofishinsu, har sau biyu a kan in cike ta. Na ce masa ubana ya gina ta da hannunsa, ba ta taɓa kashe kowa ba. Muka ci gaba da sha.

Ba a yi sati biyu ba zawo da amai suka kama Hadiza, ɗiyata da ka bari tana rarrafe. Kwana biyu ta yi, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar uku maƙwabta suka taru da kwanduna, amma ba wanda ya yarda ya zuba ƙasa kafin mai rijiya. Ni na fara zubawa. Gardi bai ma zo ba.

Ka sa malaman zango su yi mata addu'a, ni kuma ka roƙa mini gafara. Ka gaida Kawu Idi. Uwar Hadiza kullum tana hawa tudu ɗibar ruwa.

Ƙanenka,
Isuhu