Ranar da Aka Kira Sunana da Muryarki

Zuwa ga Inna, a makwancinki na Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Mu nan lafiya lau. Ina Bron, gefen Lyon, ina aikina a jami'a. Mariama tana Paris, unguwar Belleville, kuma har yau bakinta bai gaji da surutu ba. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma wani abu ya faru wanda ba ni da mai jinsa sai ke, don da muryarki aka yi shi.

Autarki Mariama ce ta jawo, kamar kullum. Ta kira ni tana haki, ta ce, "Yaya, akwai wani gidan kallo nan Paris, tsohuwar masana'anta ce aka gyara. Bango da ƙasa da rufi duk hoto ne, kiɗa ta ko'ina, kamar kin faɗa cikin fim. Kuma in kin ba su muryar wani naki, da ita za a yi miki jagora. Mu ba su ta Inna." Na ce a'uzubillahi. Ta ce, "Ke dai kin cika tsoro. Ba kullum muke sauraren saƙonnin muryarta ba? Mene ne bambancin?" Haka dai na yarda. Da yake ni ce babba, ni ke da katin banki, sayen tikiti ya faɗo kaina.

Ran Lahadi bayan azahar na zauna da waya a hannu. Sayen ba wuya. Ki zaɓi rana, ki zaɓi lokaci, ki ce mutum nawa. Tikiti iri biyu ne, na kowa da kowa, da wanda suka ce na murya. Na danna na murya. Suka nemi saƙonninki, na tura musu waɗanda kika bar mana: na tambayar ko mun ci abinci, na faɗa kan sanyi, har da wanda zakaran gidan Malam Idi ke cara a bayanki.

Sai suka ce in rubuta sunayen masu shiga, don muryar ta kira kowa da sunansa. Na rubuta na Mariama, nan take aka karɓa. Yo ina abin mamaki? Babu saƙon da ba ki ambace ta ba. Mariama ki rage yawo, Mariama ki sa rigar sanyi. Na rubuta nawa, wayar ta yi jim, sannan wani jan rubutu ya fito: ba mu sami wannan suna cikin muryar ba, ki danna nan ki furta shi da bakinki.

Inna, dariya na fara yi. Ta ina za su same shi? Ni ce ɗiyar fari. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Ke" nake, in an yi baƙi kuma in koma "waccan". Ranar da kika kai ni rubuta suna a makaranta, malami ya tambaye ki sunan yarinya, kika sunkuyar da kai kina gyara lulluɓi, sai da Gwaggo Hajara ta faɗa. Ɗiyar maƙwabta da muke suna ɗaya ma ba ta tsira ba, "mai sunan waccan" kike ce mata har ta yi aure.

Na san alkunya ce, na san ba ƙi ba ne. Ke ce kika kwana zaune a kaina da na yi ƙyanda. Amma bari in faɗa miki yau tunda babu idonki: na yi kishin Mariama. Ina yarinya nakan laɓe bayan randa in ji ko za ki yi suɓul-da-baka. Ba ki taɓa yi ba, ko a ciwon ajali. Ga shi yanzu an ce in danna wuri ɗaya in samu. Na danna, na faɗi sunana a hankali, yadda mutanen Damagaram ke faɗinsa. Aka karɓa, tikiti biyu suka shigo wayata.

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Mariama ta tarye ni da sabon gyale kamar mai zuwa biki. Rana tsaka ce, amma muna ƙetare ƙofar wurin duniya ta yi baƙi ƙirin. Wata budurwa ta haska tikitinmu, ta saƙala wa kowa abin ji a kunne, ta ce mu bi muryar kawai.

Farko shiru. Sai ƙasa ta zama ruwa a ƙarƙashin ƙafafunmu, har na ɗage zanena. Kifaye masu girman mota suna ratsa bango, goge na kuka daga sama. Mutane suna yawo cikin duhu, kowa shi kaɗai, kowa ya karkata kai yana sauraren nasa. Wani tsoho Bature ya durƙusa yana gyaɗa kai. A nan na fara tunanin cewa ɗakin cike yake da muryoyin da ba na ji, kuma Allah kaɗai Ya san nawa ne na matattu.

Sai kika yi gyaran murya.

Shi ne, Inna, ɗan gyaran muryar nan da kike yi kafin ki ce a kawo miki buta. Sannan kika soma magana da Faransanci, tiryan-tiryan kamar mai karanta labarai a rediyo. Ke da duk Faransancinki bai wuce gaisuwar likita ba! Na so in yi dariya, ban iya ba. Numfashinki ne, da 'yar dusashewar da ta same ki bayan rasuwar Baba. Mariama ta damƙe hannuna tana kuka tana murmushi. Na gane an kira ta.

Ruwan ya janye, taurari suka cika ɗakin har ƙasa. Kiɗa ya tsaya cak. A cikin shirun nan, dab da kunnena, kika kira sunana.

Ba gargada, ba sunkuyar da kai. Ya fito sumul, kamar sunan da aka saba kira safe da yamma. Kin sha gaya mana, "In ba ku ga mai kira ba, kada ku amsa." Wallahi na tuna, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Na'am, Inna," da ƙarfi, har wata mata ta waigo.

Muryar ba ta saurare ni ba. Ta ce in juya hagu in kalli farin wata.

Na juya, don ban taɓa ƙin aikenki ba. Na tsaya ina kallon watan ƙarya. Abin da na nema tun ina bayan randa na samu, kuma tsoro ne ya cika ni. Wadda ta kira ni ta san muryarki sarai, amma ba ta jin kunyata. Ba ta haife ni ba.

Da muka fito rana na nan yadda muka bar ta. Mariama sai tsalle take, tana cewa, "Yaya, wata mai zuwa akwai na kiɗan gargajiya, mu dawo!" Kafin in isa Lyon saƙo ya shigo wayata: sun ajiye muryar, in ina so a yi mini rangwame a tikiti na gaba, in kuma ba na so in danna a goge. Da sunana aka saya, don haka ni ce mai hukunci. A cikin jirgin na kunna saƙonki na gaske. Kika ce, "Ke, kin dai ci wani abu ko?" Na saurara har ƙarshe, sannan na danna a goge.

Mariama ta yi fushi sosai. Ta ce, "Kin sake binne mana uwa, kuma ba ki yi shawara da kowa ba." Ta daina ɗaukar wayata. Ban ga laifinta ba, ita abin da ta ji gaskiya ne, haka kike kiranta. Zan lallashe ta, kin san ba ta iya doguwar gaba.

Sun aiko cewa sun goge. Wataƙila sun goge nasu. Jiya da la'asar ina wanke-wanke, babu komai a kunnena, ƙofa a kulle, aka kira sunana daga falo. Muryarki ce. Ban amsa ba, na karanta addu'ar da kika koya mana. Amma hannuwana sun daɗe cikin ruwan har ya huce, ina jira ko za a ƙara.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mini taɓa miki murya da na yi, Ya raba kunnena da abin da na gayyato. Allah Ya haɗa mu a gidan da babu rabuwa. In ranar ta zo, kika hango ni cikin taro, don Allah kada ki kira sunana, ba zan waigo ba. Ki ce "ke", zan san ke ce.

Wassalam.

Ɗiyarki ta fari,
daga Bron.