Kuɗin Riɗina a Hannun Baƙi

Laraba, bayan isha'i, Roni

Yau a jana'izar maƙwabcinmu ƙaninsa ya miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya same shi a gida. Nan take na tuna da waɗanda nake bi bashi. Kuɗin riɗina kakaf na zuba a wata manhajar waya mai ranta wa mutane kuɗinka, kuma ban san fuskar ko ɗaya cikinsu ba.

Da na faɗa wa Inna, sai ta ce, "To Sule, ɗan gidan wa ka ba?"

In ɗayansu ya rasu, ƙofar wa zan je? In ni na riga su, wa zai zo ya ce wa 'ya'yana ga haƙƙin ubanku?