Ruwan da Ya Kori Duwatsun Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya sauke ki lafiya. Mama tana nan, sai ciwon gwiwar da kika sani. Auta kuma ya fara famfara, kullum hannunsa na baki.

Yaya, na kasa faɗa miki a waya, kin san nauyin bakina. Maganar Baba ce. Kin tuna duwatsun da suke zubawa cikin injin wanki a kamfanin da yake aiki don wandunan jins su koɗe? Waɗanda yake tsintowa a aljihunan wandunan ya kawo mana, ni kuma in danne shafin littafina da su? To, an daina amfani da su. Yanzu wani ruwa ake zubawa, wai daga funfuna ake samo shi, yana cin saman zaren auduga a hankali har wando ya yi laushi. Baba ya ce shi da kunne yake aiki tun asali, da ƙarar duwatsu ta sauya ya san kaya sun yi. Ruwan nan kuwa shiru yake cinsa, kuma sai an ƙara zafi yake dainawa. Ranar Talata Baba ya tsaya gaban inji yana saurare kamar yadda ya saba, har lokaci ya wuce. Wanduna suka fito kamar rariya, ana ja suna yagewa. Manaja ya ce ya zauna gida, za a neme shi.

Har yau ba a neme shi ba. A littattafan soyayyar da nake karantawa, daidai nan wani yake ƙwanƙwasa ƙofa da albishir. Mu kam sai mai kwasar shara. Jiya na tarar da Baba yana laluben aljihun wandon Auta a kan igiya. Da muka haɗa ido ya yi dariyar yaƙe, ya ce hannu ne ya saba kawai.

Don Allah ki kira shi, ke yake jin maganarki. Ki lallashe shi ya koma ya ba da haƙuri, ya nemi a koya masa aiki da agogo maimakon kunne, kafin a ba wani wurinsa. Ya ce kunya ba za ta bar shi ba.

Dutse ɗaya ya rage mini. Ɗazu na zura shi a aljihun wandon Baba na aiki, ko in ya laluba ya samu wani abu.

Ki gaida maigidanki da surukarki. Mama da Auta suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Ƙanwarki