Ƙofar da Gado Ya Cire

Madawa, Litinin

Zuwa ga Yaya Idrisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Salamatu da yara. Ya aikin koyarwa a lekol, ya sanyin Keita? Mu nan lafiya lau.

Injin ɗumama abincin da ka aiko mani, mikro'on ɗin, ya bar hannuna. Mijina Gado ya ɗauke shi ya kai rumfar sassaƙarsa. Ka san damuwarsa kullum: ya sassaƙa akushi da ɗanyen icce, ya jira wata da watanni ya bushe, rabi kuma ya tsage. To, ya gwada sa koshiya ɗaya a ciki, ta fito da zafi tana tururi, a bushe. Busasshen icce kuwa da ƙyar yake ɗumi. Yanzu 'yan kasuwa har daga Buza suke zuwa.

Abu guda ne bai kwanta mani ba. Wani akushi ya fito sumul, amma da anka fasa shi, cikinsa baƙi ƙirin kamar gawayi. Ka yi mani bayani, kai da kake koyar da irin wannan.

Ƙanwarka,
Nasiba

Madawa, Jumma'a

Yaya Idrisa,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan jikin Salamatu ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, na karanta har na gaji.

Na gane abin da ka ce. Injin yana fitar da wasu igiyoyi da ido ba ya gani. Busasshen icce suna ratsa shi su wuce, amma ruwan da ke cikin ɗanye yana shan su, shi ya sa zafin yake tashi daga ciki. Ka kuma ce ƙofar injin mai raga ita ke tsare su, domin jikin mutum ma ruwa ne, balle ido.

Yaya, maganar ta zo a makare. An yi wa Gado odar ƙananan turame na daka yaji, sunka ƙi shiga. Sai ya kira wani mai gyaran telebijin ya kwance ƙofar, ya haɗa wayoyi yadda injin zai yi aiki a buɗe. Gado yana tsugunawa gabansa, fuska dab da bakin, yana duba lokacin da tururi zai koma hayaƙi don ya kashe. Na karanta masa saƙonka. Ya yi dariya, wai ɗumi kaɗai yake ji a goshi, kuma ɗan boko bai taɓa riƙe gizago ba. Ƙofar tana ƙarƙashin gadona, na naɗe ta da zane.

Tsoro nake ji, gaskiya.

Taka,
Nasiba

Madawa, Laraba

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ka gafarce ni, gaisuwata gajera ce yau.

Idon Gado ya fara lalacewa. Da farko ya ce rumfar ta cika da hayaƙi, na shiga ban ga komai ba. Jiya ya sare ɗan yatsansa da gizago, mutumin da tun aurenmu ban taɓa ganin ya ji wa kansa ciwo ba. Da na dube shi a rana, na ga wani fari-fari a tsakiyar baƙin idonsa na dama. Na roƙe shi mu je asibiti, ya ce sai an gama turamen.

Da safen nan turmi biyu sunka ƙone, don bai ga hayaƙin ba. Ya zauna yana shafa su. Daga nan ya ce in zo in zauna a wurinsa gaban injin, in riƙa duba masa, tun da nawa idon garau yake. Ban taɓa ganinsa a karye haka ba, kuma tausayinsa ya kama ni.

Don Allah ka shigo motar farko, ka zo da wanda zai mayar da ƙofar nan. Zan tsaya da rubutu nan. Ina jin injin ya tashi, Gado kuma yana ta kiran sunana.

Ƙanwarka,
Nasiba