Ruwan da Malam Ya Ce In Ɗebo

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Malam Benjamin, mai koyar da kimiyya, ya kawo bututan gilashi uku, sirara kamar tsinken tsintsiya. Ni dai aikina a ɗakin gwaji wankewa da jerawa. Na tsoma ɗaya cikin ruwan da na ɗiga wa shuɗi, sai ruwan ya kama hawa shi kaɗai, ba mai tura shi. Har aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba.

Laraba, 9 ga Oktoba
A bututun da ya fi siranta ruwa ya fi nisa, santimita shida. Kananzir ko rabi bai kai ba. Na ba Inna labari, ta ce, "Ke Yasira, ba haka lagwani ke shan mai ba?" Har da ɗan murmushi.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Malam na son a gwada ruwan tafki. "Ke 'yar bakin ruwa ce, ki ɗebo mana." Na ce to. Baƙo ne a Yelwa, bai san shekara biyu ke nan ban taka bakin ruwa ba, tun da jirgin su Yaya Shu'aibu ya kife a hanyar Warra. Ba a same shi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Ban je ba. Na wuni ina tsince shinkafa, a raina ina ganin tafkin duka yana hawa wani dogon bututu a hankali, har ƙasansa ya fito fili, kowa ya ɗauki nasa da ruwa ya ci.

Litinin, 14 ga Oktoba
Ruwan rijiya na kai, na ce na tafki ne. Malam ya rubuta sakamakon a allo, ɗalibai arba'in suka kwafa. Ya ma yi mini godiya. Kunya kamar in nutse.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Na gaya wa Malam gaskiya. Ya ce, "Bari, ni zan ɗebo." Na ce a'a. Ban san daga ina a'ar ta fito ba.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na je bayan la'asar, don cika kwalba kawai. Ruwan da ɗumi, masunta na gyaran koma, wani tsoho ya gaishe ni da sunan Baba. Na daɗe fiye da yadda na yi niyya. Da na dawo, laima ta hau zanina har gwiwa. Inna ta gani, ta kau da kai. Can ta ce, "Jiragen Warra, har yanzu nan suke tsayawa?" Na ce ban lura ba, amma gobe zan duba mata.